Gansakuka a basan lambu: abin da ya ci mana asusu bara

Ƴan uwa mata, duk ƙungiyar da ke da lambun rani ta san wannan koren abu mai santsi da ke kama bangon basan, wani lokaci ya yi zare-zare kamar gashi. Mu dai mun raina shi har sai da ya taɓa mana aljihu. Bara, ana tsakar zafin bazara, salati da shu suna neman ruwa safe da yamma, sai injinmu ya fara tari, ruwa ya daina fita ta tiyo. Da mai gyara ya buɗe, gansakuka ce cunkus a ciki. Kwana huɗu muna jan guga, fangali biyu na salati suka ƙone, kuɗin gyara kuma daga asusu suka fito, kuɗin da wata cikinmu ke jiran ta ranta don sarin gyaɗa.

Abu biyu ke ciyar da gansakuka: rana da taki. Da muka zauna muka duba, laifin namu ne. Tulin takin awaki yana gab da bakin basan, iska na kwaso shi ciki. Wasu kuma suna jiƙa takin zamani a arozuwar, su sake tsoma ta cikin ruwan ba wanki. Ashe muna yi wa gansakuka tuwo da miya ba mu sani ba. Muka mayar da tulin can gangare, muka ware bokiti ɗaya na jiƙa taki kawai.

Sai inuwa. Mun kafa itace huɗu, muka shimfiɗa zana a sama ta rufe fiye da rabin basan. Tsofaffin buhuna da aka ɗinke su ma suna yi. Cikin mako biyu ruwan ya canza kama, kuma ba ya saurin ƙafewa kamar da. Wata ta ce a dasa itace kusa, amma ganyen da zai zuba ya ruɓe a ciki, shi ma abinci ne gare ta, saiwa kuma tana fasa siminti.

Wanki ba makawa. Duk mako biyu, washegarin ranar zubi, mata uku ke da aiki: a yi ban ruwa har basan ya kusa ƙarewa, a kankare bango da tsintsiya mai ƙarfi, a kwashe laka, a bar shi ya sha rana yini guda. Abin da aka kwashe ba a zubarwa, ramin taki yake tafiya. Bakin tiyon da ke zuƙar ruwa kuwa mun naɗe shi da yankin tsohon gidan sauro, muka ɗaga shi kaɗan daga ƙasa. Tsohuwar cikinmu ta yi dariya ta ce, "Da munka yi hakanga tun farko, da kuɗinmu na cikin akwati."

Ga abin da muka hana: ba a zuba ruwan jabel, ba a zuba maganin feshi. Wannan ruwa kan ganyen da muke ci yake sauka, awaki na sha, yara na wanke hannu. Kuma ruwa ya ɗan yi kore ba ya cutar da shuka. Zaren da ke toshe tiyo da ruwan da ya fara wari su ne matsala.

Masu lambu a bakin tabki ko gulbi, naku aikin ya fi namu. Kainuwa dashen Allah ce, kamar yadda ake mata kirari, amma in kun bar ta sai ta rufe fuskar ruwa gaba ɗaya. A kwashe ta tun tana ƴar kaɗan, a shanya nesa da ruwa. Kachala kuma yankan sama ba ya kashe ta. A sare ta ƙarƙashin ruwa yadda kututturen zai nutse, a maimaita in ta sake tsiro. In kuna da kifi a ciki, ku lura da asuba: kifi ya taso yana haki a sama, alama ce ruwan ya yi kore da yawa, a rage abinci a ƙara sabon ruwa.

Akwai abin da ya fi kuɗi. Cikin irin wannan ciyawa ƙananan katantanwa masu ɗauke da tsargiya ke ɓuya, sauro ma nan yake ƙyanƙyasa. Kada a tura yara su shiga cire ciyawa, manya ma su yi daga baki da manjagara mai dogon ƙota. Yaron da aka ga jini a fitsarinsa a kai shi likita, akwai magani. Mu a ƙungiyarmu mun sa tara: wadda aka ga ɗanta yana wanka a basan, dala ashirin za ta zuba ranar taro.