Allo Ɗaya, Aiki Biyu: Talabijin Ko Allon Kwamfuta?

A gidaje da yawa a Yelwa ta Yauri, da Wara, da Shanga, akan yi wata gardama bayan an sayar da shinkafa ko albasa, ko kuwa kifi ya yi kuɗi. Yara suna so a sayi allon da za su haɗa da PlayStation su buga ƙwallo. Iyaye kuwa suna tunanin makaranta, gama tun 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta duka ta kwamfuta, yaron da bai saba da karatu a kan allo ba kuwa yakan sha wuya a ranar. Kuɗin ba zai sayi allo biyu ba. To, wanne za a saya?

Yawancin mutane sukan miƙa hannu ga talabijin mai inci 32, domin girmansa yana cika ido, ga shi da araha. Amma a lura. Hoton allo ƙananan ɗigo ne aka jera. Talabijin mai arahar nan sau da yawa ɗigonsa 1366 ne a kwance, 768 a tsaye, wato kimanin miliyan 1. Allon kwamfuta mai inci 24 wanda aka rubuta masa 1080 yana da 1920 a kwance, 1080 a tsaye, wato sama da miliyan 2. Ga shi ya fi ƙanƙanta, ga ɗigonsa ya ninka. Wanda yake kallon ƙwallo daga tabarma ba zai ga bambanci ba. Amma yarinyar da ta zauna kusa tana karanta tambayoyin lissafi za ta ga baƙaƙen sun yi dishi-dishi, kafin awa ɗaya idonta ya gaji. Har wajen wasan ma, wani talabijin yakan yi ɗan jinkiri tsakanin danna maɓalli da motsin ɗan wasa, sai an shiga saitinsa an kunna yanayin wasa.

Sai maganar wuta, wadda a ƙasarmu ita ce babba. An gama madatsar Kainji a 1968, an ta da mutane fiye da 40,000 daga garuruwansu saboda ita, amma har wa yau akwai ƙauyukan bakin tafki da tsibirai waɗanda sola da batir ne hasken darensu. Mai batir lalle ya yi lissafi. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana riƙe wat 1,200 na awa ɗaya, rabinsa kaɗai ya kamata a ci idan ana so ya daɗe. Tsohon talabijin mai ƙugu yakan ci wajen wat 80, allon kwamfuta na zamani kuwa wajen 20. Cikin awa 4 bambancin ya kai 240 daga cikin 600 ɗin nan, wutar da za ta isa fanka da ƙwan ɗaki.

Saboda haka shawararmu ita ce allon kwamfuta mai inci 22 ko 24, mai 1080, mai ramin HDMI. Idan ramukan biyu ne ya fi, gama yawan cirewa da sawa shi yake kashe rami. PlayStation 4 ba ya fitar da hoto sai ta HDMI. Tsohuwar kwamfuta kuwa wataƙila shuɗin ramin nan na VGA kaɗai gare ta, sai a nemi allo mai duka biyun. Aibinsa ɗaya: da yawansu ba su da lasifika. Ana iya soka abin sauraro na kunne a jikin abin riƙewa na PlayStation 4, iyaye ma su huta da ihun mai sharhi.

Amma fa idan PlayStation 2 ne a gidan, mai wayoyi uku, rawaya da fari da ja, to talabijin ne abokinsa. Haka kuma idan iyali duka ne za su riƙa taruwa kallon labarai. A nan sai a dage a nemi mai 1080.

Yawancin masu arahar na hannu ne, waɗanda ake kawowa daga kasuwar Alaba ta Ikko. Kada a biya sai an kunna. A sa allon ya nuna fari fat, sa'an nan baƙi ƙirin, a duba ko akwai mataccen ɗigo ko layi. A bar shi a kunne minti 15, gama wani ba ya nuna cutarsa sai ya yi zafi. A juya bayansa a karanta takardar da ke manne: idan an rubuta 100 zuwa 240, lafiya, idan 120 kaɗai ne, na Amurka ne, wutarmu mai 230 za ta ƙone shi nan take. A tafi shago da wayar HDMI ta gida da akwatin wasan kansa, a gwada kowane rami a gaban mai kaya.