Wane irin aku ya dace da gida mai yara da maƙwabta?

Duk wanda ya karanta Magana Jari Ce na Abubakar Imam ya san aku a matsayin tsuntsu mai fasahar zance, wanda hikimarsa ta kai shi ga muƙamin waziri. Shi ya sa idan magidanci ya yi niyyar saya wa iyalinsa aku, wanda ke faɗo masa a rai shi ne mai launin toka da jar wutsiya, gwanin kwaikwayon maganar mutane. Sai dai ga gidan da ke da ƙananan yara, ga kuma maƙwabta katanga ɗaya, wannan akun na cikin waɗanda suka fi rashin dacewa.

Dangin aku sun kai kusan jinsi 400 a duniya, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ke yin shiru ɗungurungum. A daji garke-garke suke rayuwa, suna kiran juna da hantsi da kuma gab da faɗuwar rana, zaman keji kuwa ba ya raba su da wannan ɗabi'a. Abin da ya bambanta su shi ne ƙarfin murya. Wani kukansa ba ya wuce tsakar gida, wani kuwa sai an jiyo shi a ƙarshen layi. Manyan nan masu launuka na Kudancin Amurka da farare masu tukku na Ostareliya da Indonesiya suna cikin rukuni na biyu, don haka mai zaman gidan haya ya cire su daga lissafi tun da wuri.

Toka mai jar wutsiya yana da basira ƙwarai. Wani mai suna Alex, wanda masaniya Irene Pepperberg ta yi shekara 30 tana nazari a kansa a Amurka har ya mutu a 2007, ya san kalmomi fiye da 100, yana kuma bambance launuka da siffofi. Wannan basirar ce ke sa riƙonsa wuya. Yana buƙatar a zauna da shi sa'o'i a kullum, in kuwa aka bar shi cikin kaɗaici sai ya shiga tsige gashin jikinsa har ƙirjinsa ya koma tsirara. Yakan zaɓi mutum ɗaya a gida ya shaƙu da shi, sauran kuma ya riƙa kai musu cizo, ga baki mai fasa ƙwallo mai tauri, balle yatsan yaro. Yana kuma iya rayuwa shekara 40 zuwa 60, wato akun da aka saya wa ɗan firamare zai iya ganin jikokinsa.

Akwai kuma batun doka. A taron ƙasashen da suka sa hannu kan yarjejeniyar CITES da aka yi a Johannesburg a 2016, an mayar da wannan aku rukunin farko, abin da ya haramta cinikin waɗanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe. Najeriya na cikin yarjejeniyar, tana kuma da dokarta ta 1985 kan dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, wadda aka yi wa gyara a 2016. Dazuzzukan Kuros Riba da yankin Neja Delta na daga cikin wuraren da tsuntsun ya rage a ƙasar nan, kuma da yawa daga waɗanda ake kamawa suna mutuwa a hanya kafin su kai kasuwa. Wanda ya tsira ma da wuya ya saki jiki da mutane. Gurnani yake yi da zarar an matso kusa da kejinsa.

Ga iyali, zaɓin da ya fi sauƙi shi ne ƙananan jinsuna biyu 'yan asalin Ostareliya, waɗanda aka daɗe ana kiwonsu a keji har sun saba da hannun mutum.

Na farko shi ne wanda masu sayarwa ke kira kokatil. Tsawonsa kusan santimita 30 ne har da wutsiya, yana da tukku a ka da ɗigon ruwan lemo a kumatu. Tsuntsu ne mai sanyin hali, mai son a sosa masa kai, kuma yana karɓar mutanen gida gaba ɗaya in an saba masa tun yana ƙarami. Tukkun nan ma taimako ne ga yara, domin yana nuna halin da yake ciki: idan ya miƙe tsaye cak, tsuntsun ya razana ko wani abu ya ɗauki hankalinsa, idan ya kwanta lif da kai yana huci, to a ba shi wuri. Namiji ya fi yawan fito, yana iya ɗaukar gajeren sauti ya riƙa maimaitawa, mace kuwa ta fi shiru, sai dai takan yi ta saka ƙwai ko babu namiji, abin da ke raunana ta idan abincinta bai wadatu ba. Yakan yi shekara 15 zuwa 20. Aibinsa guda shi ne farar ƙura mai laushi da ke fita daga gashinsa, wadda toka mai jar wutsiya ma yake da ita. Gidan da ke da mai cutar asma ya nemi shawarar likita kafin a kawo shi.

Na biyu shi ne baji, ɗan ƙarami mai tsawon santimita 18 ko kusa da haka, kore ko shuɗi ko rawaya, wanda aka fara kai wa Ingila a 1840. Ya fi araha, ya fi sauƙin samu, cizonsa kuma bai wuce mintsini ba. Yini yake yana 'yan surutai, amma da murya ƙasa-ƙasa wadda ba ta hana barcin rana. Abin mamaki, ya fi manya da yawa iya ɗaukar magana: wani mai suna Puck ya shiga kundin Guinness da kalmomi 1,728. Ana gane balagaggen namiji da shuɗin fatar da ke saman bakinsa, ta mace kuwa ruwan ƙasa ce ko fari-fari. Rayuwarsa shekara 5 zuwa 10 ce. Saboda ƙanƙantarsa, yaron da bai kai hankali ba zai iya matse shi ya mutu, don haka kada a bar su su biyu babu babba a wurin.

Kada a rikita baji da ƙananan nan masu guntuwar wutsiya da ake yi wa laƙabi da tsuntsayen ƙauna. Suna da kyan gani, amma kukansu tsini gare shi, matansu kuma akwai faɗa.

A dazuzzukan Arewa akwai aku mai kai ruwan toka, baya kore, ciki rawaya, wanda ake danganta sunansa da ƙasar Sanagal, manoma kuma sun san shi da ɓarnar gero da masara. A cikin matsakaita yana daga waɗanda ba su cika hayaniya ba. Matsalar ita ce wanda za a gani a kasuwanninmu galibi kamun daji ne, kuma shi ma yana da halin maƙale wa mutum ɗaya. Tsirya mai doguwar wutsiya kuwa kaifin muryarta ya isa ya haɗa mutum da maƙwabcinsa.

Jinsi rabin magana ne. Sauran rabin yana ga tsuntsun da ke gabanka. A nemi wanda aka ƙyanƙyashe a hannun mai kiwo, a nemi ganin iyayensa, a tabbatar ya fara cin abinci da kansa. A je da safe, lokacin da suka fi kuka, a tsaya a saurara da kunne, domin abin da aka ji a nan shi za a ji a gida. Lafiyayye idonsa garau yake, hancinsa a bushe, gashinsa a kwance, ƙarƙashin wutsiyarsa babu kashi a manne. Wanda ya kumbura gashi ya lafe a ƙasan keji, har mai sayarwa na yabon shirunsa, sau da yawa ciwo ne ke cinsa. Akwai cutar da ake kira zazzaɓin aku, wadda mutum ke ɗauka ta shaƙar ƙurar busasshen kashinsa, saboda haka a kai sabon tsuntsu wurin likitan dabbobi, a riƙa yayyafa ruwa kafin share keji, yara kuma su wanke hannu bayan sun taɓa shi.

Yawan ihun da ake kuka da shi, akasari daga gidan yake tasowa. Aku na buƙatar barcin sa'a 10 zuwa 12 a wuri mai duhu, wanda kuwa aka ajiye kusa da talabijin har tsakar dare zai wayi gari da ƙunci. Idan ya yi ihu yara suka ruga wurinsa, ko aka daka masa tsawa, ya koyi cewa ihu ne ke kawo mutane. Gara a je wurinsa a lokacin da ya natsu. Keji ya zama mai faɗin da zai buɗe fukafukansa ya yi ɗan tashi, a inuwa, nesa da kyanwa, a kuma rufe shi da zane a daren hunturu.

Huhun tsuntsu ba ya jure hayaƙi. Maganin sauro na kunnawa da na fesawa, turaren wuta, hayaƙin janareta da tururin kaskon da ba ya kama abinci idan ya yi zafi fiye da kima, duk suna iya kashe shi, wani lokaci cikin ɗan ƙanƙanin lokaci. A abinci kuwa, gero da dawa sun dace da baji da kokatil, amma a haɗa musu da karas, ganye, gwanda ko gwaiba. Kada a ba su fiya, cakulan, kofi ko goro, haka nan gyaɗar da ta yi funfuna, a kuma canja musu ruwan sha kowace safiya.