Daga Alawa Zuwa Khao Puk: Kayan Zaƙin da Ke Haɗa Kan Mutanen Shan

Idan na ce muku "alewa", na san inda hankalinku zai tafi: tiren mai talla a bakin makarantar firamare, da canjin da muke ɓoyewa a aljihu don lokacin tara. To ku riƙe kalmar nan da kyau, don yau tafiya za mu yi da ita har kudu maso gabashin Asiya.

Ranar nan ina kwance ina latse-latsen waya, datata saura ƙiris, sai na faɗa kan bidiyon wata kasuwar safe a garin Mae Hong Son da ke arewacin Tailan. Wata dattijuwa ce ke yanka wani abu a babban faranti, samansa ya yi jaja-jaja kamar an gasa. A ƙasa an rubuta sunansa: alawa. Na ce kai, wannan kuma fa? Ashe ba haɗuwar banza ba ce. Alewarmu daga kalmar Larabci "halawa" ta fito, wato zaƙi. Ita wannan kalma ta bi ta Indiya ta shiga ƙasar Bama, daga nan ta isa bakin mutanen da ake kira Shan.

Su wane ne Shan? Yawancinmu ba mu san Myanmar, wadda a da ake kira Bama, ba sai ta labaran yaƙi da na 'yan Rohingya. A gabashin ƙasar akwai Jihar Shan, wadda ta fi kowace jiha a can faɗin ƙasa. Babban birninta Taunggyi, kuma ta yi iyaka da Sin da Lawos da Tailan. Mutanen suna kiran kansu Tai, harshensu ɗan'uwan na Tailan ne, yawancinsu manoman shinkafa ne kuma mabiya addinin Buddha. Akwai su da yawa a arewacin Tailan, inda ake ce musu Tai Yai.

Kayan zaƙinsu ba wasu kayan haɗi masu tsada ba ne. Shinkafa mai danƙo, riɗi, gyaɗa, kwakwa da mazarƙwaila, kusan shi ke nan. Ita alawar da na gani, garin shinkafa ne ake tuƙawa da madarar kwakwa da mazarƙwaila har ya yi kauri, a zuba a faranti, a malala madarar kwakwa a kai, sannan a ba shi wuta ta sama har fuskarsa ta yi ja. Kusa da ita a kasuwa za ku ga peng mong, mai laushi kamar kek, da suay tamin, wanda sunansa daga harshen Bama yake, ma'anarsa shinkafar zinariya.

Amma abin da ya fi riƙe ni shi ne, manyan kayan zaƙinsu kowanne da lokacinsa, kuma ba mutum ɗaya ke yin su ba.

Ku ɗauki khao puk. Kalmar "khao" a harshensu shinkafa ce. Sabuwar shekarar Shan tana kamawa tsakanin Nuwamba da Disamba, daidai lokacin da aka gama girbi, sanyi ya sauko kan tsaunuka. Ƙidayar shekarunsu ma ta haura 2100. A lokacin ne ake turara sabuwar shinkafa mai danƙo, sau da yawa baƙar nan mai launin shuni, a juye ta da zafinta cikin turmi, a yi ta kirɓa ana barbaɗa soyayyen riɗi har ƙwayar ta ɓace. Sai a mulmula, a faɗaɗa kamar waina, a shimfiɗa a ganyen ayaba. In za a ci, a gasa a garwashi ko a soya, ya kumbura, a dangwala da mazarƙwaila. Duk wanda ya taɓa ganin dakan nakiya a gidan biki ya san wannan ba aikin hannu biyu ba ne. Shinkafar tana kama taɓarya, dole wani na daka wani na juyawa, in an gaji a karɓa.

Bayan wata biyu, wajen Fabrairu, sai lokacin khao ya ku. Nan kuma tuƙi ne: shinkafa mai danƙo da mazarƙwaila da kwakwa da gyaɗa a babban kasko, ana juyawa har ta yi ja. Ana fara kai wa malaman addininsu a wurin ibada, sannan a rarraba wa dattawa da maƙwabta. A wurinsu rabon shi ne ladan, wanda ya dafa ya cinye shi kaɗai bai yi komai ba.

Tsakanin Maris da Afrilu kuma sai Poy Sang Long, bikin da ake shigar da yara maza, galibi 'yan shekara 7 zuwa 14, zaman karatun addini na ɗan lokaci. Ana yi musu ado kamar 'ya'yan sarki, a ɗauke su a kafaɗa a zaga gari. Kafin ranar, dangi da maƙwabta sun kwana suna haɗa abin tarbar baƙi, har da shinkafar da ake fasawa kamar gugguru a dunƙule ta da narkakkiyar mazarƙwaila.

Yanzu ga inda labarin ya yi nauyi. Jihar Shan ta shafe shekaru da dama cikin yaƙi. Tsakanin 1996 da 1998 kaɗai, masu kare haƙƙin ɗan Adam sun ƙiyasta cewa sojoji sun tashi mutum sama da 300,000 daga ƙauyukansu a tsakiyar jihar. Bayan juyin mulkin Fabrairun 2021 abin ya ƙara dagulewa, a Oktoban 2023 kuma wani sabon faɗa ya ɓarke a arewacin jihar. Matasa sa'anninmu da yawa sun tsallaka Tailan, suna leburanci a gine-gine da gonakin lemu a yankin Chiang Mai.

Ku yi tunanin yaron da aka haifa a can, makarantarsa da harshen Tailan, wayarsa ma haka. Ƙauyen kakarsa ƙila ma babu shi yanzu. Amma idan sabuwar shekara ta zo, mutanensa suka taru a wurin ibada aka fito da turmi, dole ya ji ana magana da Shan, dole wata tsohuwa ta gyara masa riƙon taɓarya, ta faɗa masa yadda ake yi a garinsu. Gona da gida an bar su a baya, shi kuwa dakan khao puk ya biyo su, tunda shinkafa da riɗi ana samunsu ko'ina.

Barazanar da ta rage ita ce wadda mu ma muka sani: lokaci. Mai aikin yini ba shi da sa'o'in kirɓa shinkafa, ga biskit da cakulan na leda a kowane shago. Za a iya sayen alawa a kasuwa, har masu yawon buɗe ido na layi a kanta, amma wanda ya saya bai zauna da kowa ba.

Don haka in bidiyon ya biyo ta wayarku, kada ku tsaya a kan "kai, zai yi daɗi" ku wuce. Ku duba hannu nawa ne a kan turmin, ku kuma lura da gidan da aka nufa da farantin farko.