Sabon Kati a Cikin Tsohuwar Kwamfuta

A kwamfutar shekarun 1990, abin da kan riga komai gajiya shi ne faifan ajiya. Ka kunna, ka ji ƙas-ƙas-ƙas daga ciki, allo ya tsaya cak, alhali sauran kayan garau suke. Neman madadinsa kuma aiki ne, don an daɗe da daina ƙera irinsa. Na wancan zamani IDE ne, wanda ya fito a 1986, ana jona shi da waya mai faɗi kamar ɗamara, mai ramuka 40. Tun 2003 SATA ta fara ture shi da 'yar siririyar wayarta.

Mafita ita ce adaftar da za ta jona sabon abin ajiya a mazaunin tsohon faifan. Wadda ta fi sauƙin sha'ani ita ce ta katin CompactFlash, wanda SanDisk ta fitar a 1994. Adaftar ɗan allo ne da bai cika tafin hannu ba, ba wata dabara a jikinsa face layukan da ke haɗa ramuka 50 na katin da haƙora 40 na IDE, domin katin da ma yana jin yaren IDE. Adaftar SATA kuwa sai da ɗan tafinta a tsakani, kuma ba kowanne ne ke shiri da tsohon inji ba. Masu tsofaffin Macintosh, da ke amfani da SCSI maimakon IDE, sukan koma ga adaftar BlueSCSI da katin SD.

Jonawa ba ta da wuya, a kan girma ake tuntuɓe. Manhajar BIOS ta yawancin kwamfutocin da suka girmi 1994 lissafinta ba ya wuce silinda 1024, kawuna 16, sassa 63, wato kusan megabait 528. Cusa mata kati mai gigabait 64, ko dai ta ga ɗan wannan kaso kawai, ko ta kafe tun wurin tashi. Na bayansu suna da nasu shingen, a gigabait 8.4, sannan 137. Shi ma MS-DOS ba ya riƙe fiye da gigabait 2 a ɓangare guda. A nan babban kati asarar kuɗi ne. Ni da za a bi tawa, mai gigabait 2 ya wadatar.

Wurin haɗawa, jan layin gefen waya ya fuskanci haƙori na 1. Rabon katin kuma a yi shi a cikin tsohuwar kwamfutar da umarnin FDISK, don in sabuwa ce ta raba, sau da yawa lissafinsu kan saɓa, tsohuwa ta ga kati amma ta ƙi tashi da shi.