A Kula Da Shukar Da Ake Sa Wa Ƙadangare Mai Gemu

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in ja hankalin masu kiwon ƙadangaren nan mai gemu. Ni manomi ne, kuma ina taɓa sayar da dashen itatuwa da furanni, to shi ne wasu samari kan zo neman shukar da za su ƙawata kejinsa.

Asalin wannan dabba daga busassun dazuzzukan Ostareliya take, amma Turawan Amurka da Ingila sun mai da ita abin kiwo a gida. Tsawonta kan kai santimita 60, tana kuma iya shekara 10 ko fiye. Ƙanana ƙwari suka fi ci, manya kuwa ganye. Don haka duk abin da ka dasa masa, jama'a, sai ya ɗanɗana.

Waɗanda ba su da illa akwai ɗoɗɗoya, da na'ana'a, da furen nan ɗan'uwan yakuwa da Turawa ke kira hibiskus. Dukkansu ko ya ci babu komai.

Amma fa a nisanta shi da tumfafiya, da zaƙami, da zurma, da tinya. Mu manoma mun san su, kai ko ɗan akuya bai cika kusantar wasunsu ba, balle ɗan ƙadangare. Haka ganyen tumatir, da fiya, da albasa, da tafarnuwa. Alayyafo ma kada ya yawaita, don yana hana jikinsa shan sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, sai ka ga ƙafafu sun lanƙwashe.

Babban abin tsoro shi ne maganin feshi. Yawancin dashen bakin titi an yi masa feshi, an kuma zuba masa takin zamani. In ka saya, wanke ganyen, canja ƙasar tukunyar, ka ajiye shi waje ɗaya na makonni kafin ya shiga keji. Sannan a guji shuka mai son ruwa da yawa, domin laima na jawo masa ciwon numfashi.

Ina kira ga 'yan'uwana masu sayar da dashe, mu ji tsoron Allah mu riƙa faɗa wa mai saye gaskiya in mun yi feshi. Dabbar da ka kulle a keji amana ce a wuyanka, kuma rigakafi ya fi magani.

Wassalam.

Naku,
Manomi mai sayar da dashe,
Kano.