Aiki Mai Wa'adi da Ire-irensa a Cikin Ikkilisiya

A garuruwanmu da yawa akwai majami'ar da gininta ya kai linta ya tsaya shekara da shekaru, ciyawa ta tsiro a ciki, jama'a kuwa suna sujada a rumfa. Sau da yawa ba rowa ce ta jawo haka ba. An fara ne ba tare da an gane irin aikin da aka ɗauka ba.

Akwai hidimar kullum, kamar sujada, makarantar Lahadi da ziyarar marasa lafiya. Wannan ba ta ƙarewa. Akwai kuma aiki mai wa'adi, wanda yake da ranar farawa, da ranar gamawa, da abin da za a nuna a ce ga shi an yi: gidan fasto, rijiyar burtsatse, ko taron bishara na kwana uku. Idan muna karɓar baikon gini kowace Lahadi amma babu wanda ya san ranar gamawa, mun mai da ginin hidimar kullum ke nan.

Irin wannan aiki yana zaune ne a kan duwatsun murhu uku: girman aikin, lokaci da kuɗi. Aka taɓa ɗaya, tukunya ta karkata. A ce kwamiti ya amince da majami'a mai ɗaukar mutum 300, sai ana tsakiyar gini wani dattijo ya kawo shawarar a ƙara bene. Shawarar ba laifi ba ce, amma dole a tambaya a wurin: nawa za ta ƙara ci, wata nawa kuma? Jinkiri ma yana cin kuɗi. Farashin siminti da kwano na bara ba shi ne na bana ba, ga kuma ɓarnar da damina take yi wa ginin da ba a rufe ba.

Nehemiya ya san wannan. Tun yana gaban sarki Artashate ya yanke lokaci, ya kuma roƙi takardar samun katako. Da ya isa Urushalima, ya zaga garun da dare ya ga ɓarnar da idonsa kafin ya faɗa wa shugabanni nufinsa. Sura 3, wadda yawancinmu muke tsallakewa saboda yawan sunaye, ita ce takardar rabon aiki: kowane sashe yana da wanda ya ɗauke shi. An gama cikin kwana 52.

Ana rarraba ayyuka ta girmansu. Gyaran benci bai buƙaci kwamiti ba, mutum biyu sun isa, amma sabuwar majami'a tana buƙatar zane, ƙiyasin kuɗi a rubuce, da magini wanda ya san aikinsa. Ana kuma rarraba su ta sabo. Taron Zumuntar Mata mun sha yinsa, mun san hanya. Buɗe makaranta ko asibiti sabon abu ne ga yawancin ikkilisiyoyi, sai a fara kaɗan, a nemi izinin hukuma, a tambayi waɗanda suka riga mu.

Rabon da ya fi kawo rigima shi ne na inda kuɗin ya fito. Aikin da muke yi da baikonmu yana bin ƙarfin aljihun membobi, shi ya sa a karkara ya fi kyau a shirya babban kashi bayan kaka, a kuma raba shi mataki mataki, kowane mataki ya iya tsayuwa da kansa. Kuɗin da wani ya bayar domin rijiya kuwa na rijiya ne. Ko da rufin gidan fasto yana yoyo, ba mu da ikon karkatar da shi sai da yardar mai bayarwa, ma'aji kuma ya ajiye kowane rasit.

Ranar keɓe rijiyar, aiki mai wa'adi ya ƙare, hidimar kullum ta karɓa. Kafin a watse, dattawa su rubuta sunan wanda zai riƙe mabuɗi, da asusun da za a ɗebi kuɗin gyara in famfo ya lalace.