Ƙiba da Motsin Jikin Yara a Limancin Kona

Gudu, tsalle, tsayuwa da ƙafa ɗaya, jifa, cafewa da shurin ƙwallo su ne tushen motsin jikin yaro. Yakan koye su tsakanin shekara 3 zuwa 7, kuma ba girma kaɗai ke kawo su ba, sai da maimaitawa. A unguwanni irin Limancin Kona cikin ganuwar Zariya, dandali ne ya daɗe yana wannan aiki: langa tana koyar da tsallen ƙafa ɗaya da daidaita jiki, 'yar gala-gala tana haɗa jifa da tsalle, carafke kuma tana kaifafa ido da hannu.

Yaro mai ƙiba sa'o'insa sukan bar shi a baya, amma ba a kowane fanni ba. A jifa da cafewa tazarar ba ta da yawa. Inda nauyi ke cin ƙarfinsa shi ne duk motsin da sai ya ɗauki jikinsa: gudu, tsalle, sauya hanya da sauri. Gwiwa da tafin ƙafa kan yi ciwo, numfashi ya riga na kowa ƙarewa. In aka kayar da shi a langa sau biyu, yara suka sa masa suna, sai ya koma gefe yana kallo. Zaman nan yana ƙara ƙiba, ƙibar kuma ta ƙara nisanta shi da wasa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 yara da matasa sama da miliyan 390 'yan shekara 5 zuwa 19 nauyinsu ya wuce kima, wato kashi 20 cikin 100, alhali a 1990 kashi 8 ne. A Arewa tamowa ce ta fi yawa, shi ya sa ake yi wa yaro ɓulɓul kallon ɗan gata, ba a lura da yadda yake haki.

Hukumar ta ba da shawarar aƙalla minti 60 na motsa jiki kullum ga 'yan shekara 5 zuwa 17. A unguwar malamai irin Limancin Kona, inda yaro ke fita daga boko ya shiga Islamiyya, da dare kuma ga karatun allo, wannan awa ɗayar sai an ware ta da gangan, ga shi babura sun cinye lunguna. Ya fi kyau mai ƙiba ya fara da jifa da cafewa, inda yake iya yin fice, sannan a shigo da tsalle kaɗan-kaɗan. Idan ciwon gwiwa ko ɗingishi ya ƙi tafiya, sai a kai shi Cibiyar Lafiyar Yara ta Banzazzau ko asibitin koyarwa na Shika.